Gado a Hannun Sarki: Gidan Butler na Ormond da Masarautar Ingila, 1185 zuwa 1967

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi tarihin gidan Butler, ɗaya daga cikin manyan gidajen sarauta na ƙasar Ayalan, tun daga zuwan kakansu a shekarar 1185 har zuwa ranar da suka miƙa fadarsu ta Kilkenny ga jama'ar gari a 1967. An san gidan da kusanci da sarakunan Ingila ta hanyar aure da hidima, kuma galibi da wannan kusancin ake fassara daɗewarsa. Maƙalar ta nuna cewa kusancin da ya kare gidan daga abokan gaba shi ne kuma ya ba sarakuna damar sa hannu cikin gadonsa da tarbiyyar marayunsa da auren 'ya'yansa mata. An duba lokuta uku da hakan ya faru, wato 1515 da 1546 da 1614, sannan an bi yadda alaƙar ta rasa nauyinta bayan da gwamnatin Landan ta daina buƙatar mai shiga tsakani.

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1169 mayaƙan Norman suka tsallaka teku daga Biritaniya suka sauka a kudu maso gabashin Ayalan, kuma bayan shekara biyu Sarki Henry na II ya biyo su domin ya tabbatar da cewa ƙasar da suka ci tana ƙarƙashinsa. Daga nan aka sami wata matsala da ta ɗauki ƙarnuka ba a warware ta ba. Sarkin Ingila yana da'awar mallakar tsibirin, amma yana zaune a ƙetaren teku, ba shi da dakarun dindindin a can, kuma harajin da yake samu bai isa ya biya kuɗin mulki ba. Saboda haka ya dogara ga wasu manyan gidaje da suka riƙe ƙasa da sunansa. Uku daga cikinsu suka fi fice a ƙarshen zamanin tsakiya: gidan FitzGerald na Kildare, da gidan FitzGerald na Desmond, da gidan Butler na Ormond. Gidajen FitzGerald biyu sun yi tawaye a ƙarni na 16, aka karya ƙarfinsu. Gidan Butler kuwa ya ci gaba da riƙe manyan muƙamai har farkon ƙarni na 18. Tambayar da wannan maƙala ta sa a gaba ita ce: me kusanci da gadon sarauta ya ba wannan gida, kuma me ya karɓe daga gare shi?

Shugaban gidan yana riƙe da sarautar da Turawan Ingila ke kira Earl, wato babban mai ƙasa da ke gadon muƙaminsa yana kuma yi wa sarki mubaya'a. A cikin wannan maƙala za a riƙa kiransa hakimin Ormond.

2.0 Asalin Gidan da Sunansa

Kakan gidan shi ne Theobald Walter, wanda ya zo Ayalan a 1185 cikin ayarin Yarima John, ɗan Sarki Henry na II. Ɗan'uwansa Hubert Walter daga baya ya zama babban limamin cocin Canterbury, kuma jigo a gwamnatin Ingila. An ba Theobald ƙasa mai faɗi a yankin da ake kira Ormond, a arewacin Tipperary, aka kuma naɗa shi babban mai shayar da sarki na Ayalan, muƙamin da zuriyarsa za ta gada. Kalmar Butler sunan wannan aiki ne, sai ta zama sunan iyali. Shi ya sa tambarin gidan ke ɗauke da kofuna uku masu murfi.

Muƙamin yana da riba ta zahiri. Gidan yana da haƙƙin ɗaukar wani kaso na gangunan giyar inabi daga kowane jirgin ruwa da ya shigo da ita tashoshin Ayalan. Wannan haƙƙi ya zauna a hannunsu fiye da shekara ɗari shida, sai a 1810 gwamnati ta saye shi a kan fam 216,000. Abin lura a nan shi ne, tun daga tushe arzikin gidan da sunansa sun fito ne daga hidimar fada. Gidajen FitzGerald suna iya cewa kakanninsu da takobi suka ci ƙasarsu tun kafin sarki ya iso. Gidan Butler ba shi da wannan hujja, domin abin da ya mallaka kyautar sarki ce.

3.0 Auren 1327 da Samun Sarautar Ormond

A 1327 James Butler ya auri Eleanor de Bohun, wadda mahaifiyarta 'yar Sarki Edward na I ce. Ita da sarkin lokacin, Edward na III, jikokin mutum ɗaya ne. Shekara guda bayan auren aka naɗa James hakimin Ormond na farko, aka kuma ba shi 'yancin gudanar da shari'a a Tipperary. Ma'anar wannan 'yanci ita ce kotunan yankin nasa ne, shi yake naɗa alƙalai, kuma yawancin ƙararrakin da a wani wuri za a kai gaban alƙalan sarki a gabansa ake yanke su. Daga wannan aure duk hakiman Ormond da suka biyo baya suna da jinin sarakunan Ingila.

A 1391 hakimi na uku ya sayi fadar Kilkenny, babban gini mai hasumiyoyi a bakin kogin Nore, ta zama mazaunin gidan. A wannan gari ne aka kafa dokokin 1366 da suka hana zuriyar Norman yin magana da harshen 'yan ƙasa ko auratayya da su. Duk da haka gidan Butler bai rabu da al'adun 'yan ƙasa ba. Hakimi na huɗu, wanda ake wa laƙabi da Farin Hakimi, ya riƙe muƙamin wakilin sarki sau da dama, kuma shi ne ya ɗauki nauyin marubutan da suka tattara tsofaffin rubuce-rubucen harshen Ayalan a wani kundi da har yau ake kiransa da sunansa. Amfanin gidan ga sarki yana cikin wannan iyawa ta zama da ɓangarori biyu, domin a Landan ana ganinsu 'yan fada, a Tipperary kuma suna da mayaƙa da surukai a cikin 'yan ƙasa.

4.0 Yaƙin Basasa da Rikicin Boleyn

Karo na farko da kusancin ya jawo wa gidan babbar asara shi ne lokacin yaƙin basasar Ingila tsakanin gidan Lancaster da gidan York. Hakimi na biyar ya girma a fadar Sarki Henry na VI, aka ƙara masa sarautar Wiltshire a 1449, kusan duk rayuwarsa a Ingila ya yi ta. Da aka ci ɓangaren Lancaster a yaƙin Towton a 1461, aka kama shi aka fille masa kai, aka ƙwace sarauta da dukiya. Shekara ta gaba hakimin Desmond, mai goyon bayan York, ya fatattaki mayaƙan Butler a Piltown. An mayar wa gidan sarautarsa daga baya, amma ƙannen mamacin biyu da suka gaje shi ɗaya bayan ɗaya su ma ba su zauna a Ayalan ba. Ƙasar Ormond ta koma hannun wani reshe na dangi da ke kula da ita a madadinsu.

Hakimi na bakwai, Thomas, ya kasance shugaban ma'aikatan gidan sarauniya a Landan, ya rasu a 1515 bai bar ɗa namiji ba. Ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata biyu, Margaret, ta auri Sir William Boleyn, ta haifi Thomas Boleyn, mahaifin Anne Boleyn. Nan take aka sami masu da'awa biyu. A Ayalan akwai Piers Butler, wanda ake kira Jan Piers, namiji mafi kusa a dangin uba, kuma ƙasar tana hannunsa. A Landan akwai Thomas Boleyn, jikan mamacin ta wajen 'ya mace, kuma yana da kunnen sarki. Da farko an yi shawarar a kashe rigimar da aure tsakanin James ɗan Piers da Anne Boleyn, amma maganar ta watse. Da Sarki Henry na VIII ya ƙudura auren Anne, sai aka sa Piers ya janye a 1528, aka ba shi sarautar Ossory a madadi, aka naɗa Thomas Boleyn hakimin Ormond a 1529.

Piers ya haƙura, kuma haƙurin ya biya shi. A 1534 gidan Kildare ya yi tawaye, Piers ya tsaya tare da sarki duk da cewa matarsa 'yar gidan Kildare ce. A 1537 aka kashe magajin Kildare tare da baffanninsa biyar a Landan. Anne Boleyn kuwa an riga an kashe ta a 1536, tauraron mahaifinta ya dushe, kuma a 1538 aka mayar wa Piers sarautar Ormond. Gidan ya kuma sami rabo mai tsoka daga filayen gidajen ibadar da sarki ya rushe. A cikin shekara goma sarauta ɗaya ta fita daga gidan ta dawo, kuma a duka lokutan biyu abin da ya yanke hukunci shi ne halin da auren sarki yake ciki.

5.0 Baƙin Tom da Sarauniya Elizabeth

A 1546 hakimi na tara ya rasu a Landan bayan wata liyafa da aka ci guba a cikinta, tare da wasu daga cikin mutanen gidansa. Magajinsa Thomas, wanda ake kira Baƙin Tom, yana da kimanin shekara 15. Bisa dokar Ingila ta lokacin, duk marayan da mahaifinsa ya riƙe ƙasa kai tsaye daga sarki, sarki ne waliyyinsa har ya balaga, shi ke da ikon tarbiyyarsa da aurensa da kuɗin shigar ƙasarsa. Thomas ya yi karatu tare da Yarima Edward, wanda ya zama Sarki Edward na VI, ya kuma tashi a kan aƙidar Furotesta, alhali mafi yawan danginsa da talakawansa Katolika ne.

Ana yawan ambaton zumuncinsa da Sarauniya Elizabeth ta I, 'yar Anne Boleyn. Idan aka bi salsala, zumuncin na nesa ne ƙwarai. Kakan da ya haɗa su shi ne hakimi na uku, wanda ya rasu a 1405, kuma kowannensu tsatso na shida ne daga gare shi. Abin da ya ba zumuncin nauyi shi ne sun san juna tun suna yara, kuma sarauniyar, wadda danginta na wajen uwa ba su da yawa, ta ga damar ta riƙe shi ɗan'uwa. An naɗa shi ma'ajin Ayalan a 1559. A garin Carrick, bakin kogin Suir, ya gina gida irin na Ingila, ya ƙawata bangonsa da siffar sarauniyar, ko da yake ba ta taɓa taka ƙasar Ayalan ba.

An ga amfanin wannan alaƙa a 1565. Mahaifiyar Thomas ta auri hakimin Desmond, kuma muddin tana raye ta hana mijinta da ɗanta faɗa. Makonni kaɗan bayan rasuwarta suka gwabza a Affane, kowa da mayaƙansa na kansa, aka raunata Desmond aka kama shi. Sarauniya ta kira su duka biyu Landan. Laifin karya zaman lafiyar sarki na su biyu ne, amma Desmond ne ya ƙare a tsare tsawon shekaru, Ormond ya ci gaba da zama ɗan gaban goshi. A 1569 ƙannen Thomas suka shiga tawaye saboda wani Baturen Ingila, Sir Peter Carew, ya yi da'awar filayensu. Thomas ya dawo ya sa suka miƙa wuya, ya kuma tsirar da su daga kisa. Da Desmond ya yi tawaye a 1579, Thomas ne ya jagoranci yaƙin da ya kai ga kashe shi a 1583, yaƙin da ya jefa lardin Munster cikin yunwa mai tsanani. Aka raba ƙasar Desmond ga baƙi daga Ingila.

6.0 Marayu Biyu da Duke na Farko

Thomas ya rasu a 1614, 'yarsa Elizabeth kaɗai ta rage cikin 'ya'yansa na aure. Sarautar ta wuce ga ɗan ƙanensa Walter, Katolika mai tsananin riƙo da addini. Sarki James na I ya aurar da Elizabeth ga wani bafadensa, Richard Preston, sannan a 1618 ya yanke hukuncin ba su mafi yawan ƙasar. Walter ya ƙi amincewa, aka tsare shi a kurkukun Fleet a Landan har 1625. Babu wani tawaye da ya yi. Laifinsa shi ne ya ja da hukuncin sarki a kan gadon gidansu.

A 1619 ɗan Walter ya nitse a teku, ya bar yaro ɗan shekara tara mai suna James. Sarki ya karɓi riƙon yaron, ya raba shi da malamansa Katolika, ya sa shi a gidan George Abbot, babban limamin Canterbury. A 1628 Preston da matarsa suka rasu, 'yarsu tilo ita ma ta zama marainiya a hannun sarki. Auren waɗannan marayu biyu a 1629 shi ya sake haɗa ƙasar Ormond wuri guda, kuma sai da yardar Sarki Charles na I aka ɗaura shi.

Sakamakon wannan tarbiyya ya bayyana a 1641, lokacin da Katolikan Ayalan suka yi bore. Sun kafa gwamnatinsu a Kilkenny a 1642, a garin gidan Butler, kuma shugaban majalisarsu shi ne Mountgarret, ɗan'uwan James na jini. James kuwa shi ne kwamandan dakarun sarki a Dublin, daga baya wakilin sarki. Ya shafe shekaru yana tattaunawa da danginsa a kan sulhu. Yarjejeniyar 1646 ta rushe bayan da wakilin Paparoma, Rinuccini, ya yi watsi da ita saboda ba ta tabbatar wa cocin Katolika matsayinta ba. A 1647 James ya gwammace ya miƙa Dublin ga majalisar dokokin Ingila da ya bar ta ta faɗa hannun Katolika. An ƙulla sabon sulhu a farkon 1649, amma a watan Agusta aka ci dakarunsa a Rathmines, Oliver Cromwell ya sauka bayan makonni biyu, kuma a ƙarshen 1650 James ya bar ƙasar. Ya yi kusan shekara goma yana gudun hijira tare da Charles na II.

Da aka mayar da sarauta a 1660, James ya sami sakayya. An ba shi muƙamin Duke a 1661, mafi girma a cikin masu sarauta, ya kuma riƙe wakilcin sarki daga 1662 zuwa 1669, da kuma daga 1677 zuwa 1685. A zamaninsa aka keɓe filin Phoenix a Dublin, aka gina asibitin tsofaffin sojoji na Kilmainham. An mayar masa da ƙasarsa har da ƙari. Katolikan da suka yi yaƙi a ƙarƙashinsa kuwa da yawa ba su sami tasu ba, domin dokokin rabon ƙasa na 1662 da 1665 sun bar mafi yawan abin da Cromwell ya ƙwace a hannun sababbin masu shi. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa Katolika sun mallaki kimanin kashi 59 cikin ɗari na ƙasar Ayalan a 1641, amma zuwa 1688 abin ya koma kimanin kashi 22. Ga da yawa daga cikin danginsa, ɗaukakarsa ta zama inuwar giginya.

7.0 Faɗuwar 1715 da Abin da Ya Biyo Baya

Jikansa, Duke na biyu, ya bi William na III a juyin 1688, ya yi yaƙi a gefensa a bakin kogin Boyne a 1690, ya kuma sauke shi a fadar Kilkenny. A zamanin Sarauniya Anne ya gaji Marlborough a matsayin babban kwamandan sojojin Biritaniya a 1712. Da Anne ta rasu a 1714, George na I ya zo daga Hanover ya sauke shi. A 1715 majalisar dokoki ta tuhume shi da cin amanar ƙasa, ya gudu Faransa ya shiga sahun masu neman mayar da gidan Stuart. Aka ƙwace muƙamansa, aka soke 'yancin shari'ar Tipperary da gidan ya riƙe tun 1328. A 1719 jiragen Sifaniya da aka shirya su kai shi Ingila da mayaƙa suka haɗu da guguwa suka watse. Ya rasu a Avignon a 1745.

Sarki goma, zamani goma. A 1715 iko ya riga ya koma hannun majalisa da jam'iyyu, Ayalan kuma tana da dakarun dindindin da ma'aikatan gwamnati, babu sauran gidan Kildare ko Desmond mai mayaƙa da za a buƙaci wani ya taka wa birki. A 1791 majalisar dattawan Ayalan ta amince da John Butler, daga wani reshe na dangi, a matsayin hakimi na 17, bayan ya bar Katolika ya koma cocin gwamnati. Zuriyarsa ta sami muƙamin Marquess a ƙarni na 19, kuma a 1904 Sarki Edward na VII da Sarauniya Alexandra suka sauka a fadar Kilkenny. Amma dokokin ƙasa, musamman ta 1903, sun riga sun buɗe wa manoma 'yan haya hanyar sayen gonakin da suke nomawa, kuɗin hayar da ke riƙe da fadar ya ragu. A 1922 Ayalan ta kudu ta sami mulkin kai. A 1935 aka yi gwanjon kayan fadar, iyalin suka bar ta. A 1967 Arthur Butler, Marquess na shida, ya miƙa ta ga kwamitin mutanen gari a kan fam 50. Marquess na bakwai ya rasu a Amurka a 1997 ba tare da ɗa namiji ba, muƙamin ya ƙare da shi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta bi alaƙar gidan Butler da sarakunan Ingila tsawon kusan ƙarni takwas. An ga cewa jinin sarautar da ya shigo ta auren 1327 da zumuncin Boleyn ba su da ƙarfin kansu, sai lokacin da mai mulki ya ga amfanin tunawa da su. Elizabeth ta I ta tuna, shi ya sa gidan ya tsira daga abin da ya hallaka Desmond. James na I bai ga amfanin ba, sai ya raba gadon ya ɗaure magajin. Muhimmin makamin sarakunan shi ne dokar riƙon marayu da ikon aurar da magada mata. Da ita aka mayar da shugabannin gidan biyu mafi tasiri Furotesta a tsakiyar dangi Katolika, kuma wannan ya yi tasiri a kan yadda yaƙin 1641 da rabon ƙasar 1662 suka kasance. Takardun gidan masu yawa da suka tsira, waɗanda ke ajiye a Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa a Dublin, suna ba da damar a faɗaɗa binciken zuwa ƙananan rassan dangin da suka zauna a kan aƙidar Katolika, domin a ga yadda suka rayu a ƙarƙashin shugaban gidan da aka yi wa tarbiyya a fadar Landan.